Ɓauren Inna da Jan Fenti

Tsafe, ranar Talata.

Zuwa ga ɗiyata abar alfaharina, Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina buɗe wannan takarda da sunan Allah, ina roƙonsa ya sa ta iske ki cikin ƙoshin lafiya da natsuwar zuciya, ke da mahaifiyarki da ƙannenki a Gusau. Ni a nan Tsafe lafiya lau nake, sai aikin duba gonakin auduga da ya riƙe ni, wanda shi ne dalilin da ba zan tsaya a tasha ranar Asabar in ga tashinki zuwa makarantar kwana a Sakkwato ba. Na so in faɗa miki abin da ke cikin wasiƙar nan baki da baki, amma na san halina, da na fara sai in ɓige da lacca, ke kuma ki ɓige da gyangyaɗi. A rubuce kuwa, kina iya tura ni ƙarƙashin matashi idan na ishe ki, ki ciro ni gobe.

Ba zan ɓata tawada a kan labarin gari ba. Mas'ala guda ce ta hana ni sukuni, wato abin da ya faru a Bungudu da Sallah. Kakarki Inna tana zaune a inuwar ƙaramin ɓaurenta tare da maƙwabtanta, ta ce duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa ganin ɓaure ya yi fure ba. Ke kuma kika tuntsire da dariya, kika ce, "Kai Inna, wannan ai jahilci ne! Furen yana cikin ɗan." Inna ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Bilhaƙƙi, ta fuskar ilimin tsirrai, maganarki daidai ce, ba ta da ko aibi ɗaya, ni na koya miki ita. Amma kalmar nan ta jahilci ma daga bakina kika tsince ta, shi ya sa ban iya tsawata miki a ranar ba. Na ji muryata ce tana fitowa daga bakin yarinya 'yar shekara goma sha biyu.

Kin san ni ne ɗan farin Inna, saboda haka tun da nake ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa duban idona ta yi mini magana ba. "Wancan" take ce mini. Kafin a haife ki, akuyarta take gaya wa abin da take so in ji, ni ina tsugune a gefe. Da aka haife ki, aka sa miki sunanta, har ni ma na kasa kiran sunanki na yanka nake ce miki Ummi, sai kika karɓi aikin akuyar. Duk wata magana da mahaifiyata ta yi mini cikin shekarun nan, ta bakinki ta biyo. Tun daga Sallah kuwa ba ta aiko ki da ko kalma ɗaya ba. Na je makon jiya, na gaishe ta, ta amsa wa bango. Idan kika tafi Sakkwato a haka, ba kakarki kaɗai za ki rasa ba, ni ma za ki tafi da muryar uwata.

Don haka bari in ba ki tarihin wannan ƙaramin ɓaure. Kina cikin labarin, amma kina 'yar shekara bakwai, ba lalle ne ki tuna yadda abin ya ƙullu ba.

Na gama jami'a a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Na dawo da digiri a fannin noma, da tabarau, da yaƙinin cewa duk ƙasar nan daga Tsafe har Mafara ba wanda ya san tsiro kamata. A ƙofar gidanmu na Bungudu a lokacin akwai wani ƙasaitaccen ɓaure, mutum uku ba su iya zagaye gindinsa da hannu. A ƙarƙashinsa mahaifina, Allah ya jiƙansa, yake saƙar tabarma, a nan kuma aka yi masa salla ranar da ya rasu. Inna takan share gindinsa kowace safiya kafin ta hura wuta. Wata rana masu safiyo suka zo da sanduna da igiya, suka ce za a faɗaɗa hanya, suka shafa wa ɓauren jan fenti a ciki. Suka ce muna da kamar shekara guda kafin a tumɓuke shi.

Da ruwa ya sauka, Inna ta ce miki, ina zaune, "Ummi, ce ma wancan ya sari reshe mai kauri ya kahe bayan gida tun ƙasa na da sanyi. Haka munka iske ana yi." Kika juyo kika maimaita mini da 'yar muryarki. Ni kuwa na gyara tabarau, na yi muku muƙaddima mai tsawo. Na ce kafa reshe tsohon yayi ne, itacen da ya fito daga reshe ba ya yin saiwa mai zurfi, ni daga ƙwaya zan tayar da shi bisa ƙa'idojin kimiyya, a samu ɓaure mai asali wanda zai shekara ɗari. Ƙanin Inna, Kawu Ummaru mai goro, yana nan. Ya ce, "To, Likitan ɓaure, ka kahe reshen, ka kuma shuka ƙwayar. Reshen zai ci ma digiri?" Na ce masa, "Kawu, wannan jahilci ne." Ga inda kika ji ta da farko.

Ki lura, Ummi, maganata game da saiwa tana da ƙamshin gaskiya. Kuskurena shi ne na ƙi haɗa hanyoyin biyu, alhali ba abin da zai hana sai takabburi. Ina tsoron idan reshen ya kama, a ce dabarar Inna ce ta yi aiki, ba tawa ba. A makaranta za a koya miki hanyoyi sababbi na yin abubuwa da yawa, kuma akasarinsu sun fi na da, ban ce ki raina su ba. Amma kada ki yar da tsohuwar hanya sai kin ga sabuwar ta tsaya da ƙafarta. Idan kuma kika ji ranki yana ƙin wata shawara, ki tsaya ki yi tahaƙiƙi: shawarar ce ba ta da kyau, ko kuwa mai ba da ita ne kike ganin bai kai ba?

Da ɓauren ya nuna, na tsinko 'ya'yansa na fasa don in ciri ƙwaya. Kowane ɗa na buɗe sai in tarar da 'yan ƙwari baƙaƙe suna yawo a ciki. Ƙyama ta kama ni. Na yanke hukunci nan take cewa iri mai ƙwari gurɓataccen iri ne, na watsar da su duka. Da itacen ya sake fitar da sababbin 'ya'ya, sai na ɗauko famfon feshi daga ofis, na cika shi da maganin ƙwarin auduga, na jingina tsani, na bi gungumen da manyan rassa inda 'ya'yan suke cunkushe na wanke su tas. Sau uku na yi haka. Mutanen unguwa suka taru suna kallo. Kawu Ummaru ya ce, "Yau ɓaure ya ga allura. Likita, in ka ƙare ka duba min ƙahwata." Inna tana bakin zaure. Ta ce, "Ummi, ce ma wancan ɓauren da ba ƙwaro cikinai ba ya da ɗiya." Kika faɗa mini. Na ce ki gaya mata na ji, na ci gaba da feshi.

Natijar wannan aiki ita ce 'ya'yan suka yanƙwane suka zube tun ba su nuna ba. Waɗanda na fasa ba ƙwaro ko ɗaya, tsaf da su, kuma ba ƙwaya sai ƙaiƙayi. Na shuka ƙaiƙayin duk da haka a gadaje shida, na kafa wa kowane allo da rubutun boko. Ciyawa ce kawai ta amsa kira.

Daga baya ne, da na koma ga babban littafina na jami'a, na iske maganar Inna a rubuce a wani babi na can ƙarshe da ban taɓa buɗewa ba, domin ba ya cikin abin da aka yi mana jarrabawa a kai. Wannan ɗan ƙwaro shi ne ke shiga cikin ɗan ɓaure ya kai garin fure daga wani zuwa wani. In babu shi, babu ƙwaya. Wato littafi bai yi mini ƙarya ba, ni ne na tsaya a tsakiya na ɗauka na kai ƙarshe. Inna ba ta san akwai fure a ciki ba, haka ne. Amma ta san abin da furen yake bukata shekaru kafin marubucin ya kama alƙalami. Ke da kika san furen, da ita da ta san ƙwaron, wa ya cancanci ya yi wa wani dariya? Nasihata a nan biyu ce. Ki karanta littafinki har bangon baya, ko da malami ya ce ba zai fito a jarrabawa ba. Sannan kafin ki kawar da abin da kike ƙyama, ki tambaya ko yana da aiki. Za ki haɗu da yara a makaranta masu kaushin ƙafa da karyayyen Turanci, 'yan ƙauyukan da ba ki taɓa jin sunansu ba. Kada ki yi musu feshi.

Masu hanya ba su cika shekarar ba. Da rani tsaka katafila ta zo, ina nan Tsafe, kafin azahar ɓauren yana kwance. Fulani suka kwashe ganyen, mata suka faskare rassan. Da labari ya iso ni na garzaya na tsinci wani reshe na kafa, amma ƙasa ta yi zafi kamar murhu, gara ta cinye shi cikin kwana goma. Abin da Inna ta roƙa tun da damina, wanda aikin rabin sa'a ne, ya kuɓuce har abada.

A nan na tafka kuskuren da ya fi kowanne muni, kuma ba shi da alaƙa da noma. Na ƙaurace wa Bungudu wata biyu. Na riƙa ce wa mahaifiyarki aiki ne ya yi yawa. Ba aiki ba ne, kunya ce, da kuma rashin sanin yadda mai digiri yake furta "na yi kuskure". Na rubuta wa Inna wasiƙar ban haƙuri har sau huɗu, cike da kalmomi masu nauyi, ina yagawa, domin na san ba ta karatun boko, kuma Kawu Ummaru ne zai nemo mai karanta mata a tsakiyar kasuwa. Ki sani, ɗiyata, ban haƙuri kamar kafa reshe yake, yana da lokacinsa. Kowace rana kika ƙara, ƙasar tana ƙara bushewa.

Inna ce ta fara aiko mini. Kin je hutu wurinta, kika dawo Gusau da wani ɗan gora da aka toshe bakinsa da tsumma. Kika ce, "Baba, Inna ta ce a ba wancan." Na zazzage a kan takarda, sai ga wani busasshen abu baƙi-baƙi mai wari. Kashin jemage ne. Ashe tun ranar da aka shafa jan fentin nan, duk safiya in ta share gindin itacen, sai ta tsince abin da jemagu suka zubar bayan sun sha ɓaure, ta shanya, ta adana. Da na sa madubin ƙara girma, na ga ƙwayoyi cike, ƙanana kamar gero da aka raba huɗu, masu nauyi, masu rai. Tun kafin in ɗauko famfona ta riga ta yi tanadin wautata.

Za ki ɗauka na yi hankali daga nan. Ban yi ba. Na raba irin biyu, na ɗauki rabi, na haɗa ƙasa mai taki, na ƙara da takin zamani, na huda ramuka zurfin ɗan yatsa kamar mai shuka gyaɗa, na binne, na riƙa kwarara musu ruwa da bokiti safe da yamma. Na ba su duk abin da nake da shi. Mako biyar ina leƙe, ko ɗaya bai ɗago kai ba. Saura rabi a cikin gora, kuma babu wani ɓauren mahaifina a duniya sai wannan rabin.

Ran wata Juma'a na ɗauke ki a kan babur muka tafi Bungudu. Na cire takalmi da tabarau, na tsuguna a bakin ɗakinta, na ajiye goran. Duk balagar da na tanada a hanya ta gudu. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Inna, na ɓata. Ban iya ba." Ta daɗe tana kallon akuyarta. Sannan ta ce, "Ummi, tambayi wancan, ya taɓa ganin jemage da hauya?"

Kika tambaye ni, da gaske, kina jiran amsa. Na ce ban taɓa gani ba.

Ta ce, "To wa ka binne ma jemage iri nai? Bisa katanga yaka zubarwa, bisa dutsi, cikin indararo, kuma ya tsira. Ummi, ɗauko min kaskon can."

Ta aike ki bakin gulbi kika ɗebo rairayi. Ta zuba shi a fasasshen kasko, ta jiƙa, ta murje irin a tafin hannunta, ta barbaɗa a sama kamar mai sa gishiri a miya, ba ta rufe shi da komai ba. Ta ajiye kaskon a gindin randa, inda akwai laima da haske amma rana ba ta dukansa. Ruwa kuwa, tsintsiya take tsomawa ta yarfa, don kada ƙwayar ta nutse. Kawu Ummaru ya leƙo ya ce, "A'a, Likita, yau kai ne majinyaci?" Na ce masa, "Ni ne, Kawu." Sai ya miƙo mini goro.

Kwana goma sha tara bayan haka, da muka koma Bungudu, kika zo da gudu kika ce kaskon ya yi gansakuka. Ba gansakuka ba ce, tsirrai ne, kowanne da ganye biyu da ba su kai kan allura girma ba. Na ga gonaki iri-iri a rayuwata, na ga na gwaji a jami'a masu kadada ɗari, ban taɓa ganin abin da ya faranta mini rai kamar wannan fasasshen kasko ba. Inna ta sunkuya ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ummi, ce ma wancan ubanai ya dawo."

Darasin binne irin nan shi ne ya fi yi mini wuyar koyo, kuma ina shaida miki har yau ban gama ba. Ƙaramin abu ba ya son nauyi. Na kashe rabin irin ne da yawan alheri, da taki, da ruwa, da zurfi. Haka nake yi wa magana. Ina son manyan kalmomi, ba zan ɓoye ba, kuma ba na jin zan daina, don suna yi mini daɗi a baki kamar yadda goro yake yi wa Kawu. Amma na gane cewa duk lokacin da magana ta zama ta rai da rai, gajeriya ce take tsira. Idan kika sami ilimi, kuma za ki samu fiye da nawa in Allah ya yarda, ki riƙa barbaɗa shi a sama da hannu mai sauƙi, ki bar wa mutane haske. Da kin ce, "Inna, kin san Baba ya nuna mini wani abu? Bari in fasa miki ɗaya ki gani," da yanzu duk matan unguwar sun san furen ɓaure, kuma da Inna ce take yi musu bayani tana alfahari da jikarta.

Uku ne suka rayu daga kaskon. Ɗaya yana bayan ofishina a nan Tsafe, ɗaya a gidanmu na Gusau inda kike shanya kayan makarantarki, na uku shi ne wanda kika yi dariya a inuwarsa. Albishirinki, da na je makon jiya na ga na Bungudu ya fitar da 'ya'yansa na fari, cunkus a jikin gungume, har sun fara ja. Na fasa ɗaya a ɓoye. Akwai ƙwari a ciki. Ban taɓa murnar ganin ƙwaro haka ba.

Ga abin da nake so ki yi. Na riga na aika wa direban da zai kai ku cewa a Bungudu zai ɗauke ki, tun da hanyarsa ce. Ki tafi ranar Juma'a da hantsi, ki kwana a ɗakin Inna. Ban ce ki janye maganar fure ba, gaskiya ce, ki riƙe ta. Kalmar nan guda za ki janye, ki kuma gaya mata inda kika samo ta, ba na jin kunyar ta sani, ta daɗe da sani. Kada ki tsara jawabi. Ki tsuguna kawai ki faɗi abin da ya zo.

Bayan haka ki roƙe ta iri, ki tafi da shi Sakkwato, ki nemi fasasshen kasko a bayan ɗakin girkin makaranta. Na bayyana miki duk yadda ake yi, ban da abu ɗaya, wato lokacin da ake cire tsiron daga kasko a mai da shi ƙasa. Ban ɓoye miki don dabara ba, alhaƙiƙa ban sani ba. Littafina ya ba da adadin makonni, na gwada shi a kan guda huɗu suka mutu. Ukun da suka rayu Inna ce ta dube su wata safiya, ta taɓa ganyen da bayan yatsa, ta ce yau. Na yi shekara biyar ina son in tambaye ta me take gani, girman kai da kunya suka hana ni. Ke ki tambayar mana. Abin da ta faɗa, ki rubuto mini shi a wasiƙarki ta farko, kalma da kalma, da irin maganarta, kada ki gyara mata ko harafi.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki a hanya da makwanci, ya haɗa ki da malamai masu tausayi da ƙawaye na gari. Allah ya buɗa miki ƙirji, ya ba ki ilimi mai amfani da harshe mai taushi, ya dawo mana da ke kin fi mu sani kuma kin fi mu ladabi. Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki gaishe da mahaifiyarki da ƙannenki, ki gaishe da Kawu Ummaru, ki ce masa Likita ya ce ƙafar ta yi sauƙi ko a zo da famfo.

Idan kuma Inna ta saki fuska, ki ce mata wancan yana gaisuwa, yana kuma jiran saƙo.

Wassalam.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Sani.